Ummu Suhail da Finjalin da Aka Ajiye a Ƙasa

Ummu Suhail takan iso majalisa kafin masu shara su gama da bene na biyu. Motar haya ke sauke ta a bakin titi, ta tako da ƙafa, ta tambayi masu gadi lafiyar 'ya'yansu da sunayensu, ta wuce babbar ƙofar 'yan majalisa ba ta ko waiwaya ba, ta shiga ta ƙaramar ƙofar ma'aikata. Ofishinta a ƙarƙashin ƙasa yake, tsakanin ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru da laburaren da na tsufa a cikinsa. Taga ɗaya gare shi, kuma takalman masu wucewa kawai ake gani ta nan. Ta ce ya ishe ta. Daga takalmi take gane sabon ɗauka, don shi kaɗai ke goge nasa har yana ƙyalli.

Sunanta Hiyam, amma rabon da in ji wani ya kira ta da shi tun kafin a haifi Suhail ɗin. Shekara talatin da 'yan kai ita ke karɓar sababbin ma'aikatan majalisar dokoki ta koya musu aiki kafin a rarraba su kwamitoci. Ƙarshen watan nan za ta aje aiki. Na tambaya a sama ko an shirya mata wani abu, aka ce za a sayo kek. Na karanta tarihin majalisu da dama, na dā da na yanzu, kuma duk sunayen masu surutu ne a ciki. Waɗanda suka hana rufin ruftawa a kan masu surutun ba a rubuta su. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ba don na iya yabo ba.

Abin da take koyarwa ba ya ɗaukar ido. Yadda ƙudurin doka ke fitowa daga gwamnati ya shiga kwamiti, ya fito ya shiga zaure. Yadda ake shirya wa ɗan majalisa bayani a shafi ɗaya, tunda na biyun ba zai karanta ba. Yadda ake yi wa wanda ba ka zaɓa ba hidima daidai da wanda ka zaɓa. Takan ce musu, "A zaure fuskarku bango ce. Ba gyaɗa kai, ba tsaki. In ɗan majalisa ya yi barkwanci, ku riƙe dariyar sai kun je gida, matanku ma suna buƙatarta."

Duk wannan ana iya samunsa a littafi, kuma ni na san kantar da littafin yake. Darasi ɗaya ne babu shi a ko'ina, shi ne darasin finjali.

Kowa a ƙasar nan ya san ma'anar baƙon da aka zuba wa gahawa ya karɓa ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba. Da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya ce, "Sha gahawarka, ka samu." Wanda ya furta haka a gaban maza ya ɗaure kansa. Ummu Suhail ta lura tun da wuri cewa ba cin hanci ne ke fara kayar da sabon ma'aikaci ba, baffansa ne. Don haka a makon farko takan zaunar da su, ta sa a kawo butar gahawa, ta aiko a kira ni in zama baffan.

Shekarar da matata Salwa ta rasu Ummu Suhail ta fara ba ni wannan matsayi. Ta leƙo laburare ta ce, "Abu Ziyad, tunda ka daina magana da kowa sai matattun marubuta, zo in ari fuskarka. Ban taɓa ganin mai ɗacinta ba." Na je. Nakan yafa rawani, in karɓi finjali, in dire shi a ƙasa, in ce wa sabon ma'aikaci ɗan ƙanwata na neman aiki, ko ina son ganin rahoton kwamiti kafin ya fita. Akasarinsu ba sa kai numfashi uku. Bakinsu ke riga su: "Sha gahawarka, Baffa."

Sai ta tafa hannu ta ce, "Madalla. Ka sayar da kwamiti a kan finjali ɗaya, kuma ko sukari babu a ciki."

Masu wayo sukan ce, "In sha Allahu, Baffa." Waɗannan ta fi yi wa faɗa. Takan ce in sha Allahun ma'aikaci a kunnen baffansa alkawari ne, kuma wanda ya fake da sunan Allah don ya tsere wa tsoho ya yi laifi biyu. Abin da take so shi ne mutum ya tashi, ya sumbaci kan dattijon, ya zauna ƙasa da shi, ya faɗa masa abin da ke hannunsa da abin da ba ya hannunsa, sannan ya jure shirun da zai biyo baya. Shirun ne jarabawar.

Ƙusai ya zo mana daga kudu, malamin makaranta ne da ya haura talatin kafin ya canza aiki. Mahaifinsa ya rasu yana goye, baffansa Abu Nayif ne ya riƙe shi. A darasin finjali ya faɗi sau biyu, ya ci a na uku. Aka tura shi kwamitin ruwa da noma a matsayin magatakarda. Ba a jima ba aka kawo wa kwamitin rikicin wani marmaro da ƙauyuka biyu ke jayayya a kansa, ƙauyen tudu da ƙauyen gangare, kuma aka sa ranar da za a saurari kowane ɓangare. Magatakarda ne ke aika gayyata. Ƙauyen tudu kuwa shi ne garinsu Ƙusai. Ya sanar da na sama, kamar yadda aka koya masa, ya roƙi a ba wani magatakarda wannan aikin. Aka ce ana dubawa. A ginin nan ana iya duba abu har mai shi ya yi furfura.

Wata safiya Abu Nayif ya iso da dattawa biyar cikin jajayen rawuna. Aka zaunar da su a ɗakin baƙi na ma'aikata, aka zuba musu gahawa. Ina wucewa da littattafai na ga finjalai shida a jere a ƙasa, sai na tsaya. Ummu Suhail ma tana bakin ƙofa.

Abu Nayif ya ce, "Ba abu mai nauyi ba ne, ɗana. Takarda ce. Takardu kullum ɓata suke a hanya. Ta mutanen gangare ta ɓata, shi ke nan. Mu zo mu yi bayaninmu, mu koma."

Ƙusai ya juyo ya dubi malamarsa. Ita kuwa takalmansa take kallo, kamar ba ta san shi ba. Ya tashi, ya sumbaci kan baffansa, ya durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Baffa, in wuyana ka ce in ba ka, ga shi. Amma gayyata biyu zan aika, kuma duka za su isa. Abin da ke hannuna shi ne in nuna maka yadda ake tsara bayani a gaban kwamiti, kuma haka zan nuna musu in sun tambaya."

"Su ma?"

"Su ma, Baffa."

Aka yi shirun nan. Ni da na sha yin sa da wasa, ban san tsawonsa ba sai ranar. Can Abu Nayif ya miƙe ya gyara alkyabbarsa ya ce, "Mun turo ka birni ka zame mana inuwa, ashe bango muka gina. Wa ya koya maka wannan tarbiyyar?"

Ummu Suhail ta ce daga bakin ƙofa, "Ni ce, Shaihu."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya fita, dattawan suka bi shi. Finjalan suka huce a inda suke.

A littafin ɗa'ar aiki, nan labarin ke ƙarewa: ma'aikaci ya tsaya kan gaskiya, a tafa masa. Masu rubuta irin littattafan nan ba su da baffa. Saƙo ya zo daga ƙauye cewa kada Ƙusai ya zo Sallah. Matan dangi suka daina shiga wurin mahaifiyarsa. Ya rame, ya daina goge takalmi. Wata rana ya sauko ofishinta, bango ɗaya ne tsakaninmu, ina ji ya ce, "Kin koya mini yadda ake cewa a'a. Ba ki koya mini inda zan ci abincin Sallah ba. Zan koma aji, Ummu Suhail. Yara ba sa ajiye finjali."

Ba ta lallashe shi ba. Ta ce, "Koma bakin aikinka. Akwai zaman kwamiti."

Ranar Juma'a ta tara tsofaffin ma'aikata huɗu da suka yi ritaya, ta haɗa da ni, ta cusa mu a motar kudu. Na ce mata a ƙasar nan mace ba ta jagorantar tawagar roƙo. Ta ce, "Shi ya sa na ɗauko ka. Kai ka zauna a gaba ka yi tsufa, ni in yi magana."

Abu Nayif ya karɓe mu a zaurensa, don baƙo ba a korarsa ko da shi ya kashe maka raƙumi. Rabin ƙauyen ya taru ganin abin mamaki. Aka zuba gahawa. Muka ajiye namu a ƙasa. Ita ma ta karɓa da hannun dama, ta dire nata a gabansa a hankali.

Ya ce, "Malamar ce."

"Ita ce, Allah ya ja kwananka. Ka zo gidanmu ka tafi ka bar gahawa, abin ya tsaya mana a wuya. Ka tambayi wanda ya koya masa, na ce ni ce. To, na ɗauki abin da ba nawa ba. 'Yan makonni na yi da shi. Yaron da zai dubi idon mutumin da ya fi ƙauna a duniya ya ƙi yi masa ƙarya, a gidan nan aka rene shi."

"Zaƙin bakin birni."

"To ga mara zaƙi. Mutanen gangare ma suna da 'ya'ya a makaranta. Gobe ɗayansu zai zauna a kujerar nan, baffansa ya zo ya ce takardar tudu ta ɓata. Wane iri kake so ya samu a wurin? Ni iri ɗaya nake fitarwa, ba ni da na tudu da na gangare."

Wani tsoho a gefe ya yi dariya ya mai da ita tari. Abu Nayif ya ce, "Faɗi buƙatarki."

"Ka buɗe wa ɗanka ƙofa."

Ya daɗe yana jan carbi, idon ƙauye duka a kansa. Mutumin da aka ƙi biya wa buƙatar finjalinsa a birni, yanzu shi ne zai ƙi wa baƙi biyar masu furfura da mace a gaban jama'arsa, ko ya haɗiye. Ya ce, "Kin ɗauko takobina kin zo yaƙata da shi." Sannan ya nuna ƙasa da haɓa. "Sha gahawarki. Ta huce, amma laifinki ne, kin cika magana."

Muka sha. Aka yanka rago, aka kawo mansaf, tiren shinkafa da naman rago, na ci har na manta ni mai ciwon ciki ne. Ƙusai ya je Sallah. An ce a ƙarshen tabarma baffan ya zaunar da shi, kuma har yau "bangon majalisa" yake kiransa, amma da hannunsa ya tura masa nama. Ƙauyukan biyu sun zo sun yi bayaninsu, kowa da lokacinsa daidai. Kwamiti ya ɗage yanke shawara, wa'adin majalisar ya ƙare kafin a koma kanta. Marmaron na nan yana gudu, bai san an yi ba.

Ke ce, Ummu Suhail, wadda ba ki tura ɗalibi bakin rami ki koma ki rubuta cewa ya ci jarabawa ba. Masu wa'azin gaskiya sun yi yawa a ginin nan, wasunsu har da direba. Wadda za ta hau motar kudu da ciwon gwiwa don ta biya wa ɗalibinta kuɗin gaskiyarsa, ke kaɗai na gani. Uwar ƙarƙashin bene, mai gane mutum daga takalmi. Ba ki taɓa magana a zaure ba, amma babu kwamitin da ba hannunki a cikinsa.

Mun gode. Na faɗa da bakin waɗanda kika koyar, da na tsofaffin da kika hana zaman banza. Ƙusai ne zai gaji darasin finjali, kuma ya riga ya aiko a tambaye ni ko fuskata na nan yadda take. Tana nan.

Ga duk wanda aka ba amanar horar da sababbi, a majalisa ko a wani gida: koya musu cewa a'a abu ne mai sauƙi, rabin aikin ke nan. Sauran rabin shi ne ku bi su har ƙauye. Ku kuma baffanni, in kun zo wurin 'ya'yanku a bakin aiki aka zuba muku gahawa, ku ji tsoron Allah ku sha tun da zafinta.