Sunan da Inna Hajo ta Faɗa

Har yanzu ranar da muka je Taloka ba ta fita raina ba. Bara ne, lokacin dashen albasa, ina sabuwar mataimakiya a asibitin karkara. Aka haɗa ni da shugabarmu, Sista Rifkatu, mutuniyar Zuru, mu duba tsofaffi ko mantuwa ta fara kama su. Aikin babu allura, tambayoyi ne kawai: yau wace rana, ina muke, sai a faɗa wa tsoho wasu abubuwa a ce ya maimaita an jima. Mukan rubuta shekarunsa, da karatunsa, da wanda yake zaune da shi.

Wani magidanci mai furfura, Malam Bello, ya kawo mahaifiyarsa, Inna Hajo. Kullum takan tafi gonar albasarta a bakin ruwan da ake sakowa daga dam, ita kaɗai, kuma kwanan nan ta fara ɓata hanya. Matan gida sun ce a hana ta zuwa, shi ya ƙi.

"Ku dai ku gaya musu lahiyarta lau," ya ce. "In an raba ta da albasar nan an kashe ta."

Da farko ta yi ƙoƙari. Ta san ranar kasuwa, har ta tsokane ni: "Ke ɗiyar wa ce, kina tuhuma ta kamar alƙali?" Muka yi dariya, Malam Bello ya fi kowa.

Sai Sista ta ce in tambaye ta sunayen 'ya'yanta. Na raɗa mata cewa Malam Bello ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, don kunya, har ta mutu. Ta ce to, in tambayi na ƙannensa.

Ban kai ga buɗe baki ba Inna ta juya ta dube shi.

"Bawan Allah, ko ka ga Bello? Ya tahi bakin ruwa tun da sahe, kuma yaron bai iya ruwa ba."

"Inna, mi kic ce?" in ji Malam Bello.

"Bello na ce. Bellona."

Biro ya faɗi daga hannuna. Malam Bello ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Tunda aka haihe ni ban taɓa jin sunana bakinta ba."

Sista ta yi masa bayani a hankali: a kai ta babban asibiti, kada a sake barin ta kusa da ruwa ita kaɗai. Lokacin Inna har ta miƙe ta ɗauki fartanyarta. Ya kama ƙotar, ta sakar masa ba musu. Wannan sakin ya fi komai ba ni tsoro.

Ku da za ku fara wannan aiki, an koya mana mu lura da abin da tsoho ya kasa faɗa. Ku riƙa lura da abin da ya daina jin nauyin faɗa, domin 'yan gida da shi suke ganewa. Ni dai tun ranar, duk sanda mahaifiyata za ta kira babban yayanmu, sai in tsaya cak ina saurare. Sai na ji ta ce "kai wancan" nake iya ci gaba da abin da nake yi.