Ranar da Aka Kira Uba Shaidar Hawaye

A yau idan aka yi gasar rubutu a makarantun yankinmu, sai a cire sunayen yara a kai wa alƙalan wani gari. A da ba haka ake yi ba, kuma ba zan manta da ranar da ta jawo wannan canji ba.

Ban daɗe da dawowa gida Boɗinga ba aka gayyace ni wata makaranta a ƙasar Shagari, in duba labaran da ɗalibai suka rubuta kan rayuwarsu. Mu uku ne alƙalai: ni, da mai unguwa, da wani tela wanda ya ba da keken ɗinki kyauta ga wanda ya ci. Na ga yadda ake wannan aiki a Yamai da Kumasi da Hartum. Ko'ina tsari ake dubawa da daɗin zance. Abokan aikina kuwa shari'a suka zo yi.

Ɗalibi na farko ya rubuta cewa ya je kasuwa, ya sayi manja, ya dawo. Shi ke nan. Mai unguwa ya buga ƙasa da sanda.

"Wanga yaro ya iya rubutu! Ni nag gane shi da idona rannan, da kwalba ga hannu."

Sai muka zo kan na wata yarinya 'yar makiyaya. Ta ba da labarin ranar da aka kai bijiminsu kasuwa, yadda igiyarsa ta wuni a rataye a turke, yadda ta zagaya bayan rumbu ta iske babanta yana kuka. Da na gama karantawa sai da na share tabarau. Na ce keke nata ne.

"Alhaji, ka daɗe waje," in ji tela. "Bafillace da kuka? Ƙarya ta. Ba ni ba maƙaryaci kekena."

Na yi bayani har muryata ta dushe. A banza. Aka tura mai babur ya ɗauko uban daga wurin kiwo.

Ya iso da sanda a kafaɗa, aka yi gaisuwa mai tsawo, har shanu aka tambaya. Yarinyar na tsaye, kanta a ƙasa. Kowa ya san inda aka sa shi: in ya musa, an mai da 'yarsa maƙaryaciya kuma keke ya tafi, in ya amsa, ya zubar da fulakunsa, kunyar nan ta Fulani, gaban jama'a.

"Malam, ka yi kuka ko ba ka yi ba?" in ji mai unguwa.

Uban ya dubi mai unguwa ya ce:

"Ranka shi daɗe, ƙwaro na yaf faɗa min ga ido."

"Duka biyu?"

"Ƙwari biyu na." Ya gyara sanda. "Amma ɗiyag ga ba ta ƙarya. In tac ce kuka na, ku rubuta kuka."

Tela da kansa ya ɗaure keken a bayan babur.

Ni da na zaga duniya, a ranar na koyi cewa labarin da ya fi kyau yana da mai shi, kuma ba marubucin kaɗai ke biyan farashinsa ba. Tun daga shekarar ba a sake barin maƙwabci ya duba rubutun ɗan maƙwabcinsa ba.