Kaset Daga Italiya

Ku matso in ba ku wani labari. Shekarun baya, tun Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Sakkwato, abokina ya tafi Italiya. Tare muka tashi a majemar mahaifinsa a Argungu, muna kankare fatun jajayen awaki, warin jima na bin mu har masallaci. Shi ya ce ya gaji da wari. Ni ko Jega na je sai na yi kewar gida, don haka na raka shi tasha na dawo.

Bayan shekara biyu sai ga kaset ya aiko maimakon wasiƙa, tunda mahaifiyarsa ba ta karatu. Lokacin mahaifin ya rasu, ta koma unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi da zama. Ni ke da rediyo, sai na ɗauka na kai mata. Ya gaida kowa, har akuyar gida. Ya ce aikin ofis yake, a turo ƙanensa. Ƙanen kuwa ya matsa a sayar da fadamar shinkafarta ta Zauro a yi masa guzuri, fadamar ce kuma abincin gidan gaba ɗaya.

Ban yi boko mai nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Bayan muryarsa ina jin ƙarar wuƙa kan fata, can kuma a jibga jiƙaƙƙiya a ƙasa. Wane ofis ne wannan?

Kwana uku ina juya abin. In faɗa, na tona abokina. In yi shiru, fadama ta tafi. Ranar da mai saye zai zo na je ina kame-kame.

"Inna, kaset ɗin nan, akwai wata ƙara..."

"Mi kaj ji?"

"Kamar jima."

Ta ci gaba da tsince shinkafarta. "Shekara talatin ina auren majemi, kai za ka gaya mini? Tun sallamarshi naj ji. Ka riƙe bakinka, kai da ba ka iya riƙewa."

Mai saye ya zo, ta ce ta fasa, ba ta ba da dalili ba. Ƙanen ya ɗauka ni na hana, ya yi wata guda ba ya gaishe ni.

Da abokina ya dawo, ya kawo mini takalmi mai laushi. Na ce, "Manajan ofis, wuƙarka na da kaifi kuwa?" Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce fatun da yake kankarewa can namu ne, daga nan ake loda su. Kuɗin takalmin nan, in ji shi, ya fi abin da mahaifinsa ke samu a damin fata guda.

Ya ƙara da cewa, "Fata ta shiga Italiya ba wanda ya tambaye ta takarda. Ni da na bi ta, ɓuya nike."

Ƙanen ne ke noman fadamar yanzu, yakan aiko mini da buhun shinkafa. Takalmin ya matse ni, sau ɗaya na sa.

Ban san lissafin duniya ba. Amma akuyar tamu ce, hannun da ya kankare namu ne. To ku da kuka yi karatu, a ina ne kuɗin ya sauka a hanya?