Tarihin da Mudathir Ya Goge

Shagon Mudathir na kusa da shingen boda a Jibiya, inda tireloli ke jiran takarda su wuce Maraɗi. Mutum ne mai tsabtar tsiya. Ko igiyar caja ce ta karkace a teburinsa, sai ya miƙar da ita kafin ya amsa sallamarka.

Shi da ƙanensa Abbas suka rubuta wa direbobi manhajar da ke gaya musu hanyar da 'yan bindiga suka tare. Suna ajiye aikin a Git, wato rumbun da ke riƙe kowane gyara da sunan mai yin sa da ɗan bayani. Bayanin Mudathir ba ya wuce kalma uku. Abbas kuwa, Allah Ya jiƙansa, hira yake zubawa a wurin: "Na gyara taswirar Daddara. Rabi'a ta ce in na wuce magariba akuya za ta ba tuwona." Haka har shekara biyu, gyara sama da ɗari huɗu.

Da wani kamfani a Kano ya nemi ganin aikin, Mudathir ya ji kunyar a karanta wannan shirme. Bai shawarci kowa ba ya yi abin da suke kira ribes: ya dunƙule gyare-gyaren zuwa goma sha biyu, da Turanci, da sunansa, ya tura ya danne tsohon tarihin. Ya ce ai na asali yana kwamfutar Abbas.

Bayan sati uku aka tare Abbas a hanyar Mazanya. Gawa aka kawo, kwamfuta da waya sun shige daji.

Sai da Rabi'a, matar Abbas, ta fita takaba ta zo shagon.

"Yaya, ya ce mani duk abin da munka yi yana rubutawa cikin aikinku. Karanta mani ko guda."

Mudathir ya shiga lalube. Git kan ɓoye abin da aka goge na ɗan lokaci kafin ya kwashe, amma wata huɗu da kwana goma sun zarce lokacin. Ina zaune a wurin ina kallonsa. Wallahi na tausaya masa, na kuma ji haushinsa.

"Ni na goge su," ya ce.

Ta ce, "To faɗa mani da ka. Mi ya rubuta?"

"Rabi'a, ban taɓa karanta ko ɗaya har ƙarshe ba."