Marlys Tvedt da Igiya Mai Launi Biyu

Shekara ashirin da bakwai ke nan, da zarar watan Yuni ya kama, Marlys Tvedt, jami'ar binciken gonaki, kan ajiye akori-kurarta a bakin gonar wani tun raɓa ba ta bushe ba. Ta cusa ƙafar wando cikin takalmi saboda kaska, ta zaga gonar kakaf, ta ratsa tsakiya, ta bi magudanar ruwa kai a sunkuye. In ba ta ga baƙuwar ciyawa ba, sai ta ba mai gona igiyar shaida mai launi biyu ya ɗaure ingiricinsa. Damin da ba shi da ita ba ya hawa duwatsunmu na Montana, don ƙwayar iri kaɗan a kashin doki ta isa ta cinye makiyaya guda. Bana Marlys za ta ajiye aiki.

Mutanen kwarin nan ba su manta shekarar da ta shiga gonar kawunta Orval ba. Tsohon ba shi da abin dogaro sai ingiricin da yake sayar wa masu kai mafarauta dutse, su kuwa sai da igiya suke saye. Ta tarar an yi wa gefen magudana aski tas, sauran gona na tsaye. Ta durƙusa ta taɓa ganyen da ya rage a gindi. Baƙuwar ciyawa ce mai shuɗin fure, an sare mata kai jiya.

"Kawu, yaushe ka koma wanzami?"

"Ke, 'yar nan! Ni na koya miki hawan doki, yau ni za ki tona?"

"Ai kai ka koya min duba gindin ciyawa ma. Laifinka ne."

Ta kafa tutoci, ta ware kashi ɗaya cikin uku na gonar, ta ba shi igiyar sauran. Ranar bikin godiya na shekarar, da dangi kan taru cin abinci, kujerarsa a gidanta ba kowa. Bazara na dawowa maƙwabta suka riƙa ganinta duk Asabar a magudanar nan da safar hannu, tana tuge ciyawar da saiwarta. Asabar ta huɗu Orval ya fito da kofi biyu.

"Ba haka ake tugewa ba," in ji shi. "Matsa."

Sai a shekara ta uku gonar ta tsallake bincike gaba ɗaya.

Marlys, ke ce mai cewa a'a, sannan ki tsaya a yi gyara da ke. Mun gode. Ku kuma masu karɓar aikin daga hannunta, wata rana gonar danginku za a tura ku. Ku durƙusa ku duba, kuma ku koma ranar Asabar.