Amsa Tara Cikin Arba'in

Shekara shida ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a unguwar Bagadaza, kuma har yau in na tuna wata ɗalibata sai raina ya ɓaci. Zazzaɓin ƙuruciya ne ya shanye mata hannuwa, yatsun suka lanƙwashe. Da gaɓar yatsa take danna maɓalli, ɗaya bayan ɗaya, amma a lissafi babu mai kamo ƙafarta a ajin.

Wata ƙungiya ta ce za ta ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya daga makarantarmu har jami'a, amma sai an yi jarrabawa a kwamfuta. Uban yarinyar lebura ne, in wannan damar ta wuce ta, karatu ya ƙare ke nan. Da aka kawo manhajar jarrabawar muka gwada, sai na ga tashin hankali. Wai ba a danna amsa, sai an danne linzamin kwamfuta a jawo ta har cikin wani akwati da ke kan allon. Ita kuwa yarinyar kafin ta kai rabin hanya hannun ya saki, amsar ta koma inda ta fito.

Na kira mutumin da ya haɗa manhajar. "Malama, ai jan ya fi ba yara sha'awa," in ji shi. Sha'awa! Na ce ya sa a iya zaɓa da maɓalli. Ya ce aikin yini guda ne, amma sai shugaban makaranta ya rubuto. Shi kuma shugaban cewa ya yi, "Haba Malama, a kan mutum ɗaya? Ki zauna kusa da ita ki riƙa ja mata." Ni ma da wautata, na yarda.

Ranar jarrabawa ina jan kujera, mai sa ido daga ƙungiyar ya ce wannan satar amsa ce, in fita. Wallahi na zazzaga masa masifa har muryata ta dishe, ko gezau. Ta taga na tsaya ina kallonta, ta haɗa hannu biyu kan linzamin, gumi na ɗiga daga haɓarta. Cikin tambaya arba'in, tara ta iya kaiwa akwati. Duk taran daidai ne. Wani aka ɗauka.

Da sakamako ya fito ta same ni a ɗakin kwamfuta. Na shirya lallashinta, sai ta riga ni magana, kanta a ƙasa.

"Malama, ki yi haƙuri, na ba ki kunya."