Injiniyan Me?

Nata'ala, ɗan Alhaji Mu'tasim mai sayar da yadi a unguwar Alkalawa, ya taso da kunnen da ba ya kuskuren sauti. A zamanin da kaset ke tashe a Jimeta, shi ake nema idan lasifikar biki ta fara kuka. Da ya gama sakandare, ya zaɓi wata kwaleji a Legas mai koyar da injiniyancin sauti, suka kuwa ba shi gurbi.

Mahaifinsa ya ji kalmar injiniya, har ya fara yi wa maƙwabta albishir, kafin ya zaunar da shi.

"Injiniyan me? Gada ko hanya?"

"Na sauti, Baba. Gyara muryar mawaƙa."

Alhaji ya ce, "Wato maroƙi mai digiri. To, ba da albarkata ba."

Nata'ala bai tafi ba. Yau shi ke auna yadi a shagon. Idan maƙwabci ya kunna waƙa, yakan roƙe shi ya kashe. Mutane na yaba masa tsoron Allah, alhali kowane kuskure yake ji a cikin waƙar, ga shi ba shi da halin gyarawa.